Jif mai turbo da shan baƙin mai: kurakuran da masu sayen ta-hannu suka fi yi

Abu na farko da mai saye yake yi idan an buɗe masa bonet shi ne ya zaro geji. Ya ga baƙin mai ya kai layin sama, garai-garai kamar zuma, sai hankalinsa ya kwanta. To wannan dubawar ba ta gaya maka komai ba sai abu guda: an yi juye kwanan nan. Dillalin da ya san motarsa tana shan mai ba zai bar ta a fili da busasshen geji ba. Ba a gane shan baƙin mai a tsaye. Da tafiya ake gane shi, a ga lita nawa ta ɓace a kilomita nawa, sannan a gano ta wace kafa ta bi. Yawancin asarar da masu sayen jif mai turbo suke tafkawa, ko tokumbo ce daga Amurka ko wadda aka hau a gida, daga tsallake waɗannan tambayoyin biyu take farawa.

Kowane inji yana ɗan taɓa mai, mai turbo kuma ya fi, saboda zafi da matsin da yake aiki a ciki. Kuskuren shi ne yarda da kalmar "ai haka suke" ba tare da lissafi ba. Littafin Volkswagen da Audi ya ce har rabin lita a kilomita 1,000 ba laifi ba ne. Hyundai a Amurka tana amfani da kwat ɗaya a mil 1,000, wato wajen lita 0.6 a kilomita 1,000. Wannan iyaka ce da kamfani ya ja don sanin lokacin da zai biya kuɗin gyara daga aljihunsa, ba shaidar lafiyar inji ba ce. Ka yi lissafin da kanka: injin Audi Q5 mai lita 2.0 yana ɗaukar mai wajen lita 4.6. Idan yana shan rabin lita a kowace kilomita 1,000, kafin ka cika kilomita 5,000 ya sha fiye da rabin abin da aka zuba masa. A wurinmu, injin da ya ci lita ɗaya a kilomita 5,000 ana iya zama da shi. Wanda yake cin lita ɗaya a kilomita 2,000 yana da ciwon da ya kamata a nemo. Wanda ya kai lita ɗaya a kilomita 1,000 kuwa, aikin buɗe inji yana jiran wanda ya saye shi.

Yadda ake aunawa

A mafi yawan injuna, tsakanin layin ƙasa da na sama a jikin geji kusan lita ɗaya ce. A ajiye motar a wuri mai shafe, inji ya yi ɗumi sosai, a kashe, a jira minti goma mai ya gangaro. A goge geji, a mayar har ƙarshe, a zaro, a ɗauki hotonsa tare da lambar kilomita. Bayan tafiya a sake yin haka, da ɗumi iri ɗaya da jira iri ɗaya. Wanda ya auna da sanyi yau, gobe ya auna da zafi a kan gangara, ya ɓata lissafinsa.

Ba kowane dillali ne zai ba ka mota ka yi kilomita 1,000 ba, amma zuwa Kaduna daga Kano da dawowa ya haura kilomita 400, kuma injin da ya lalace sosai zai nuna kansa a wannan tazarar. Idan daga Legas za a turo maka ita da direba, hanyar zuwa Kano ta kai kilomita dubu da 'yan kai, gwaji ne da ya zo maka a kyauta. Ka sa a ɗauki hoton geji kafin a taso, ka gargaɗi direban kada ya ƙara mai sai ya sanar da kai.

Audi Q5 mai lita 2.0 da BMW X5 da X3 da yawa ba sa zuwa da geji, a allo ake karanta mai. Kada ka dogara da allon kaɗai. A injin Audi bututun gejin yana nan an toshe shi da murfi, ana sayen geji a zura. A BMW kuwa sai dai a bi ta allo bayan inji ya yi ɗumi, ko a juye man a auna shi da mudubin lita.

Sayen jiki a manta da lambar inji

Mutanenmu suna sayen shekara da fenti da kujerun fata. Alhali kowane inji yana da tarihinsa, kuma lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke gindin gilashin gaba za ta gaya maka wane inji ne a ciki.

Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne 2.0 TFSI na Audi, zubi na biyu na dangin EA888, mai lamba CAEB, wanda ke cikin A4 ta 2009 zuwa 2011, da A5 ta 2010 zuwa 2011, da Q5 ta 2011 a Amurka. Ringin da ke share mai daga bangon silinda siriri ne, ƙofofin da mai ke bi ya koma ƙasa kuma ƙanana ne ƙwarai. Da gawayi ya toshe su, man da ya kamata ya koma sai ya tsaya a bango ya ƙone tare da fetur. Masu motocin sun kai ƙara a Amurka, a 2014 aka yi sulhu, kamfanin ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 8 ko mil 80,000. Wannan garanti ya daɗe da ƙarewa, ba ya kuma bin mota zuwa Apapa ko Kwatano. Abin da zai amfane ka shi ne sanin ko an canja mata fistan kafin ta baro can. Idan rahoton Carfax, wato bayanin tarihin mota da ake samowa da lambar VIN, ya nuna an yi aikin, ta fi wadda ba a taɓa ba nesa ba kusa ba.

BMW X5 da X6 masu injin N63, V8 mai lita 4.4, an cusa musu turbo biyu a tsakiyar kwarin injin. Zafin da ke taruwa a wurin yana gasa robobin bawul har su ƙeƙashe, mai ya riƙa zurara ta jikin sandar bawul. A 2014 BMW ta fito da shiri na musamman don gyara waɗannan injuna a Amurka, ta kuma rage tazarar juye daga mil 15,000 zuwa 10,000. Hyundai Santa Fe Sport da Kia Sportage masu injin Theta II 2.0 turbo kuwa, babban ciwonsu metal ne na kwanrod, wanda ya jawo aka kira motoci da yawa don gyara a 2015 da 2017, ga shan mai a kai. Idan na'urar OBD, wadda ake jonawa a mota don karanto lambobin matsala, ta karanto P1326 a irin wannan mota, injin yana gaya maka ya fara jin bugun metal. A shafin hukumar NHTSA ta Amurka ana sa VIN kyauta a ga ko akwai kiran gyaran da ba a yi ba.

Lambar kilomita da ke dashbod ma kada ka rantse da ita. Kwatanta ta da wadda aka rubuta ranar gwanjo a Copart ko IAA, domin hotunan gwanjon sukan zauna a intanet.

Kallon salansa

"Ba ta hayaƙi" ita ce shaidar da aka fi kawowa, ita ce kuma mafi rauni. Katalis, wanda makanikai ke kira indomi, yana ƙone hayaƙin mai idan ya yi zafi, don haka mota tana iya shan lita a kilomita 1,500 salansarta tas. Kafin tokar man ta kashe indomin, ba za ka ga komai ba. Idan na'ura ta nuna P0420, lambar da ke cewa indomi ya gaza, a motar da ba ta tsufa ba, ka tambayi abin da ya kashe shi kafin ka sayi wani.

Ka je ganin mota da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji. Idan ka tarar an riga an ɗumama ta, ka ce za ka dawo gobe a bar ta da sanyinta. Wani ya tayar, kai kana tsaye a baya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fito sau ɗaya ya wuce yana nuna robobin bawul. A bar ta a silo minti goma sha biyar bayan ta yi ɗumi, sannan a taka totur: idan ta yi aman shuɗin hayaƙi, robobin bawul ne ko turbo, kuma wannan gwajin shi ke tona asirin N63. Sai a hau titi, wani ya bi ku a baya. Hayaƙi lokacin da aka take ta da ƙarfi ya fi karkata ga ringi ko turbo.

Ana kuma rikita launi. Baƙi fetur ne ya yi yawa. Farin tururi na 'yan mintuna a sanyin hunturu ba komai ba ne. Fari mai kauri da ba ya yankewa, mai ƙamshin zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Ford Escape da Edge masu injin EcoBoost 1.5 da 2.0 na wajen 2017 zuwa 2019 an san su da wannan, kuma canjin turbo ko ringi ba ya taɓa shi.

Ka zura yatsa a bakin salansa bayan ta huce. Busasshen baƙi kamar na gindin tukunya al'ada ce ga injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Mai maiƙo da danƙo shi ne abin tsoro. Sannan a kwance fulogi duka, a jera su bisa tsarin silinda. Wanda ya tara farar toka mai kauri ko ya jiƙe da mai ya nuna silindar da ke ƙone shi. Fulogi sababbi dal a tsohuwar mota, tare da inji da aka wanke har yana ƙyalli, su ma magana ce. A na'urar OBD ka duba ko gwaje-gwajen ƙwaƙwalwar motar sun kammala. Idan da yawansu suna nuna ba su shirya ba, an goge lambobin matsala ko an cire batir ba da jimawa ba.

Ɗora wa turbo laifin da ba nasa ba

Nan ne kuɗi suka fi zubewa. Bakanike ya cire tiyo ya ga mai, ya ce "Alhaji, turbo ne", a sayo wani, bayan wata guda shan mai yana nan inda yake. Ɗan maiƙo a cikin tiyon intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya matso, abu ne da za ka samu a kusan kowace mota mai turbo. Wanda ya zama laifi shi ne idan an cire tiyon ƙasa mai ya tsiyayo kamar rabin kofin shayi.

Ko da turbon ne ke zubar da man, sau da yawa wani abu ne ya tilasta masa. Sandarsa tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti, babu robar da za ta jure wannan, don haka abin da ke tare man 'yan zobban ƙarfe ne da suka dogara da daidaiton matsi. Mai yana shiga da ƙarfin famfo, amma da nauyinsa kawai yake gangarawa ya koma ƙasa. Idan bututun komawar ya toshe da gawayi, ko iska ta yi yawa a cikin inji ta tokare shi, mai zai taru ya nemi hanya ta zobban. Iyakilina da ƙurar hunturu ta toshe ita ma tana sa turbo ya riƙa zuƙar mai ta gefen iska. Abin da sabuwar iyakilina za ta warkar, sai a kashe masa kuɗin turbo.

Kafin a taɓa komai a duba PCV, bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji ya raba ta da mai. A EA888 yana kan murfin inji, da fatar roba a ciki wadda take yagewa. Inji yana silo, ka gwada buɗe murfin zuba mai. Ɗan zuƙa kaɗan daidai ne. Idan murfin ya manne sai da ƙarfi, ko kana jin fito kamar na usur, ko silo yana rawa da lambar P2187 ko P0171, fatar ta yage. Idan kuma iska ce ke bugo murfin waje da hayaƙi-hayaƙi, ko PCV ya toshe ko ringi sun saki. Kwance shi aikin ƙasa da awa ɗaya ne, kuma ko Audi da kanta da shi take farawa kafin ta kai ga fistan. A sayi na asali. Na jabu yana iya ɓalle silin bayan karanshaf, wanda sai an sauke giya ake canja shi.

Shi turbon ana gwada shi da yatsa: inji a kashe, a cire tiyon gaba, a kama sandar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin fukafukan ba sa gogar bango. Motsi ciki da waje kuwa bai kamata a ji shi ba. Idan ta kama a canja, to tare da bututun da ke kawo masa mai, a wanke intakula, a ɗura mai a cikin sabon kafin a tayar. Wanda ya mayar da tsohon bututu mai gawayi ya kashe sabon turbo da hannunsa.

Sai yoyo, wanda shi ne mafi sauƙin labari. Jif na zamani suna da faranti a ƙasa wanda yake tare ɗigo, don haka rashin tabo a ƙasa ba hujja ba ce. A ɗaga mota a cire farantin a haska da tocila: gaskit ɗin murfin sama, gidan filta, bututun turbo, mahaɗar inji da giya. A Mercedes ML da GL masu injin dizal OM642, robobin kular mai da ke can cikin kwarin inji sukan yi yoyo ya gangaro ta bayan giya, a yi zaton silin karanshaf ne.

Gwajin kwamfireshan ma yana ruɗar mutane. Silinda huɗu su ba da lamba mai kyau, a ce ringi lafiya lau. Ringin da ke riƙe matsi daban, wanda ke share mai daban. Na ƙasan yana iya maƙalewa na sama suna aikinsu, har man da ya taru ma ya ƙara wa lambar kyau. Gwajin yana da amfani idan silinda ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, amma ba ya wanke inji daga zargi. Ƙaramar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi ta fi faɗin gaskiya: a ga kan fistan jiƙe, ko a ga zane a bangon silinda.

Akwai kuma wadda manta ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi, mai ita yana murna. Honda CR-V mai 1.5 turbo ta 2017 da 2018 ta yi suna da wannan: fetur yana sulalewa ta bangon silinda ya gauraya da baƙin mai, musamman a garuruwa masu sanyi da gajerun tafiye-tafiye. Ka shinshina gejin. Idan warin fetur ya buge ka, ko mai ya haura layin sama, ya tsinke, kuma yana iya ɓoye shan da injin ke yi.

Bayan an biya kuɗi

Da an ga tana shan mai sai a ce a zuba mata 20W-50 tunda garinmu da zafi, a ƙara da gwangwanin abin nan mai kauri kamar zuma. Shan zai ɗan ragu, gaskiya ne, dillalai ma sun san haka, shi ya sa man da ke bin geji yana yauƙi abin zargi ne. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, yana wahalar da tenshinan sarƙar taimin da na'urar sauya lokacin bawul, ya kuma ƙara toshe ƙofofin ringin da suka jawo matsalar tun farko. A bi abin da littafin motar ya ce: VW 502 00 ga Audi da Volkswagen Tiguan na wajen 2009 zuwa 2011, Longlife-01 ga BMW, 229.5 ga Mercedes mai fetur, 0W-20 ga CR-V da Lexus NX200t. Ƙananan injuna masu turbo da fesa kai tsaye suna buƙatar mai mai tambarin API SP, wanda ya fito a 2020, ko aƙalla SN Plus, domin an haɗa su ne don hana wata irin fashewa da ke aukuwa kafin fulogi ya ba da wuta, wadda take fasa fistan idan an take mota tana kan ƙaramin juyi. Da ƙurarmu da cunkosonmu, juye a kilomita 5,000 zuwa 7,000 ya fi dacewa da bin tazarar Turai. A saya a wurin da aka amince da shi, don jabun mai ya cika kasuwa.

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye al'ada ce da ta zauna a garejinmu, kuma ga waɗannan injuna cuta ce. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, wajen digiri 90, yana ta zuba fetur fiye da kima, fetur ya wanke bango ya gangara cikin mai, laka ta taru. Haka nan ƙaramin famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da kuka bayan an kashe Audi ko BMW, turbo yake sanyayawa. Kada mai wayarin ya yanke shi da sunan yana cin batir. Bayan doguwar tafiya da gudu, a bar mota a silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ya tsaya a cikin turbo ya dahu ya zama gawayi.

Galan ba ma'auni ba ne. CR-V 1.5 lita 3.5 take ɗauka har da filta. Wanda ya juye mata galan mai lita huɗu ko biyar gaba ɗaya ya cika ta fiye da kima, karanshaf ya riƙa kaɗa man yana kumfa, PCV ya kwashe shi zuwa cikin silinda. Jar fitila mai siffar buta kuma ba ta nufin "ƙara mai", tana nufin matsin mai ya faɗi, a tsaya nan take a kashe. Motoci da yawa ba su da fitilar da ke gargaɗin raguwa, sai ka zaro geji da kanka duk lokacin da ka sha fetur sau biyu.

Idan bincike ya tsaya a kan ringi, sai a ce a sayo injin tokumbo a Ladipo ko Ƙofar Ruwa a huta. Idan lambarsa ɗaya da wanda aka cire, fistan ɗinsa ma iri ɗaya ne, kuma babu wanda ya san dalilin da ya sa aka sauke shi. A nemi a zura kyamara a cikinsa kafin a biya, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce wadda ta ambaci shan mai da sunansa, ba tashi kawai ba. Gyaran asali a CAEB shi ne saitin fistan da ringi na sabon zubi, kuma bakanike ya auna kaurin fil ɗin fistan kafin a yi oda, domin wasu sababbin ba sa hawa tsohon kwanrod. Tunda an buɗe, a canja sarƙar taimin da tenshinanta a lokaci guda. Kuɗin wannan aiki gaba ɗaya, yadda bakanikenka ya ƙiyasta shi a takarda, shi za ka cire daga farashin da dillali ya faɗa kafin ku fara ciniki.